Makullin da Ke Yawo a Mumbai

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili in mayar da martani ga sharhin da ya fito a shafinku na nishaɗi kwanakin baya. Marubucinku ya ɗauko fim ɗin Indiyan nan na 2025, Metro... In Dino, ya haɗa shi da yayansa na 2007, Life in a... Metro, ya yi musu kuɗin goro. A kan ƙanen ba zan ja da shi ba. Sau ɗaya na kalla, gyangyaɗi ma ya ɗan ɗebe ni a tsakiya. Amma yayan, wannan kam sai mun zauna.

In na fahimci malamin daidai, laifin fim ɗin a wurinsa shi ne ba jarumi ba bos. An jibge mutum tara a gaban mai kallo, kowa da kukansa, ba a san wanda za a bi ba. Ya ƙara da cewa hankali ba zai ɗauka ba a ce birni mai miliyoyin jama'a, amma duk wanda ya juya sai ya yi karo da ƙanwar matar ogansa.

Kafin in shiga wannan, ga ɗan gyara, kuma ba don in ƙure shi ba. Ya rubuta cewa an sa wa fim ɗin sunan jirgin ƙasan zamani na birnin Mumbai. Ai lokacin da darakta Anurag Basu ya saki fim ɗin a watan Mayun 2007, babu wannan jirgin a Mumbai. Sai a Yunin 2014 aka buɗe layinsa na farko, shekara bakwai bayan haka. Kalmar Metro a nan babban birni take nufi. Jirgin da ake gani a fim ɗin tsohon nan ne na cikin gari, wanda ke kwasar miliyoyin mutane kowace rana, wasu a tsaye wasu a maƙale da ƙofa. Na kawo wannan ne don wanda ya shiga fim yana neman jirgi, ba mamaki ya wuce makulli bai gan shi ba. Makullin nan kuwa shi ne fim ɗin.

Ga yadda abin yake ga wanda bai kalla ba. Akwai wani saurayi, Rahul, wanda Sharman Joshi ya fito a matsayinsa. Yana aiki a ofishin amsa kiran waya, irin waɗanda suka cika biranen Indiya a shekarun nan, inda matasa ke kwana a farke suna yi wa mutanen Amurka da Ingila hidima. Tsakanin Mumbai da Niyok akwai tazarar awa tara da rabi ko goma da rabi, gwargwadon lokacin shekara, don haka hantsin mai kira shi ne daren mai amsawa. Rahul ba shi da uban gida, ba shi da dukiya. Abu ɗaya gare shi wanda manyansa suke so: gidan da yake kwana. A Mumbai ɗaki mai ƙofa da makulli ya fi zinariya. Sai ya zama yana ba su aron makullin suna kai matan da ba nasu ba, shi kuma yana gararamba a titi har su gama, a madadin haka suna sa masa baki a ƙarin girma. Yau wannan, gobe wancan, in ranakun suka ci karo shi ne mai sasantawa a waya. Abin dariya ne ƙwarai, har ranar da ya gane cewa yarinyar da babban ogansa Ranjit yake kaiwa gidan ita ce Neha, wadda shi Rahul yake so a ransa bai taɓa iya faɗa mata ba.

Malam Edita, ni na yi wannan aikin. Shekara huɗu na yi ina amsa waya a wani kamfani, uku daga ciki a aikin dare. Na san zafin da abin sawa a kunne yake bari bayan awa takwas. Na san yadda ake murmushi da murya alhali ido yana rufewa, da yadda mutum zai zage ka tas saboda kuskuren da ba kai ka yi ba, ka ce masa na gode da kira. Ban taɓa ba kowa makulli ba, don ɗakin da nake haya a lokacin ko ni kaina da kyar yake ɗauka ta. Muryata na bayar.

Shugaban sashenmu yakan fita wajen goma na dare, ya kashe wayarsa. Wata rana ya tsaya a bayan kujerata, ya dafa kafaɗata, ya ce in Hajiya ta kira layin ofis in ce mata yana mitin. Bai yi ƙasa da murya ba, bai kalli gefe ba, kamar mai cewa in kashe fanka in zan tashi. Na ce to, ranka ya daɗe. Ta kira kuwa. Muryarta a sanyaye, ta gaishe ni da aiki, ta tambaye ni ko Alhaji yana kusa. Na ce yana mitin, Hajiya. Mitin da ƙarfe sha ɗaya na dare, a ofishin da ba kowa sai mu da masu gadi. Ta yi shiru kaɗan, ta ce to, Allah ya taimaka, a gaishe shi. Bayan 'yan watanni aka mayar da ni aikin rana. Akwai wanda ya riga ni zuwa da shekara biyu, matarsa da ɗanyen goyo, ya rubuta takardar roƙo har sau uku, shi aka bari a dare. Ba wanda ya ce min ga dalili, ni ma ban tambaya ba.

To da na ga Rahul yana miƙa makulli yana washe baki, ban tsaya neman jarumi ba. Na san yaron nan. Ba mugu ba ne, kuma ba mutumin kirki ba ne a wannan lokacin. Mai son ya ci gaba ne, wanda ya samu wata 'yar ƙofa ya ce bari in bi ta nan sau ɗaya. Fim mai jarumi da bos ba shi da wurin ajiye irinmu. Ko dai a wanke mu a ce tilasta mana aka yi, ko a ba mu gashin baki da muguwar dariya.

Gaskiya ɗaya ce, wannan zaren ba Basu ne ya fara kaɗa shi ba, kuma na yi mamaki da marubucinku bai kama shi a nan ba, don a nan ne yake da abin kamawa. Billy Wilder ya riga shi tun 1960 a The Apartment, inda Jack Lemmon ya fito a ƙaramin ma'aikacin kamfanin inshora a Niyok mai ba manyansa aron ɗaki, Shirley MacLaine kuma yarinyar da oga yake yaudara. Har yunƙurin da yarinyar ta yi na hallaka kanta a ɗakin saurayin, duk yana can. Fim ɗin ya ci Oska biyar, har da ta gwarzon fim na shekara. Basu ya ɗebo da yawa, ya kamata a faɗa. Abin da ya ƙara shi ne ya bi ogan har gida. A wurin Wilder matar oga ba ta wuce inuwa ba. A nan tana da suna, Shikha, tana da 'ya, tana da ƙanwa, tana da sana'ar da ta ajiye saboda aure, tana da tsohuwar malamar rawa da take zuwa dubawa a gidan tsofaffi. Wato muryar nan da ni na ji a waya na yi mata ƙarya, Basu ya kunna mata fitila ya ce ku dube ta. Wannan shi ne amfanin mutum tara. Fim mai jarumi ɗaya da ya tsaya a bakin ƙofar Rahul.

Sai batun cewa kowa ya san kowa. Bari mu bi zaren a hankali. Rahul da Neha suna aiki a ƙarƙashin Ranjit. Ranjit mijin Shikha ne. Shruti ƙanwar Shikha ce. Shruti da Neha gida ɗaya suke haya, don albashin mace ɗaya ba ya riƙe gida a Mumbai. Shivani malamar Shikha ce tun tana yarinya. Ina sa'ar take a nan? Aiki ne, da aure, da jini, da kuɗin haya. A nuna min mutumin birnin da ba waɗannan ne suka ɗaure shi ba. Ƙidayar 2011 ta ce Mumbai tana da mutum miliyan 12 da ɗoriya, amma ai ba wanda yake zaune da miliyan 12. Kowa yana zaune ne cikin mutum talatin ko arba'in, su ne yake cuta, su ne suke cutarsa, a cikinsu yake neman aure, a cikinsu yake cin bashi. Sauran miliyoyin cunkoso ne kawai a hanya.

Masu irin wannan fim sun daɗe suna fama da yadda za su ɗaure bakin zaren. Robert Altman, wanda shi ne gwanin abin, ya tara mutum 22 a Los Anjelis a Short Cuts na 1993, da ya zo rufewa sai ya girgiza ƙasa don kowa ya ji abu ɗaya a lokaci ɗaya. Paul Thomas Anderson a Magnolia na 1999 kwaɗi ya sa suka zubo daga sama kamar ruwa. In aka auna da waɗannan, mutumin da ya haɗa jama'arsa da makulli da kuɗin haya ai bai wuce gona da iri ba. Inda zan ba marubucinku gaskiya shi ne ƙarshe, da aka kwaso kusan kowa aka zube a tashar jirgi a lokaci guda, wannan na gudu wancan na haki. A nan kam an ga hannun darakta ƙuru-ƙuru yana tura mutane kamar mai kora awaki.

Amma ba don Rahul na ɗauki alƙalami ba, don Monty ne, wanda sharhin bai ko ambace shi ba.

Shruti ta doshi talatin ba aure, abin yana cin ta, ta shiga shafin neman aure na intanet. Aka haɗa ta da Monty, tuzuru da ya daɗe yana nema. Haɗuwar farko ta watse, don bawan Allah idonsa ba ya tsayawa a fuskarta, kuma bai iya ɓoyewa ba. Surutu gare shi, ba ya tauna magana, tufafinsa ma sai a hankali. Ta tashi ta bar shi tana Allah wadai. Duk mai kallo ya ɗauka an gama da shi, ɗan ba da dariya ne na fitowa ɗaya. Can gaba, bayan wanda ta ɗora wa rai ya ba ta kunya ta bar aikinta na gidan rediyo, sai ga ta tana neman aiki a inda Monty yake. Shi ya taimaka mata.

Abin da ya burge ni, ba a gyara Monty ba. Ba a yi masa aski an canja masa riga an ce ashe kyakkyawa ne ba. Yadda yake a farko haka yake a ƙarshe, da kallonsa da katoɓararsa. Mu ne aka bari muka daɗe tare da shi har muka fara ganin sauran. Irrfan Khan ya yi wasan nan da idanunsa manya masu kama da na wanda bai yi barci ba, yana magana kamar ba da kowa yake ba. Akwai inda ya ga Shruti ta cika ta batse da baƙin ciki, bai yi mata wa'azi ba, bai rera mata waƙa ba. Ya hau da ita saman bene, birni shimfiɗe a ƙasa, ya ce ta yi ihu. Ta ƙi, tana jin nauyi. Ya matsa mata. Ta buɗe baki ta ƙwala, ta sake ƙwalawa, har ihun ya koma kuka. Shi kuma yana gefe kamar bakanike da ya gama wanke inji yana jiran a tayar a ji. Na yi dariya a wurin, sai kuma na ji maƙogwarona ya ɗaure. Sau nawa na fito daga aiki da asuba da irin wannan ihun a ƙirji, na haɗiye shi saboda masu gadi suna kallo.

Sai wurin da ya fi kowanne. An sa ranar auren Monty da wata, Shruti ma ta taya shi sayayya. Ranar biki, yana kan doki da rawani irin na angwayen can, sai ta zo ta faɗa masa cewa shi take so. A fim ɗin da aka saba, a nan ne goge zai tashi, ango ya yi tsalle ya diro, iska ta kaɗa gyale. Monty kuwa sai ya dube ta a rikice, ya ce ai an riga an ɗinka kayan amarya a kan awon waccan, me ya sa ba ta faɗa da wuri ba.

Malam Edita, ka ce min wannan ba mutum ba ne. An miƙa masa abin da ya fi so a duniya, shi kuma hankalinsa yana wurin tela. Haka muke. Ranar da aka yi min albishir da haihuwar 'yata ta fari, abin da ya fara fitowa daga bakina shi ne tambayar wa ya tafi da makullin babur. Babban labari ba ya samun mu a shirye, yakan tarar da mu muna lissafin ƙananan abubuwa, kuma marubucin da ya san haka ya san mutane. Daga baya Monty ya bi ta a guje a kan dokin nan cikin motoci har tasha, wannan kuma an koma fim. Amma maganar awon ta riga ta fita.

Ba ni kaɗai na gani ba. A bikin Filmfare na 2008, Irrfan Khan da Konkona Sen Sharma, wato Monty da Shruti, su suka karɓi kyautar mataimakin jarumi da mataimakiyar jaruma. Mataimakan wa, a fim ɗin da ba jarumi? Ko masu ba da kyautar ba su da sunan da za su kira abin da suka gani. Irrfan ya rasu a Afrilun 2020 yana da shekara 53. A sabon fim ɗin Konkona ta dawo, aka haɗa ta da Pankaj Tripathi, aka kuma sa masa suna Monty. Tripathi gwani ne, ba na raina shi. Amma ina kallonsa ina jin kamar an shigo da baƙo ɗakin mamaci an ce ya zauna a kujerarsa.

Kada a ce na zo yabo ne kawai. Fim ɗin yana da inda yake ba ni haushi, kuma abin mamaki, duk wuraren da ya daina dariya ne. Pritam, makaɗin fim ɗin, ya yi waƙoƙi masu daɗi, ba musu. Amma Basu ya ɗauko shi da abokan kiɗansa ya dasa su a cikin fim ɗin, da gitarsu da gashinsu har kafaɗa, duk inda wani ya shiga damuwa sai ga su a gefen titi ko a kan bene, ruwa yana dukansu suna waƙa. Na farko ya yi armashi. Zuwa na huɗu na fara tausayin gitar. Damina a Mumbai daga Yuni zuwa Satumba take, amma a fim ɗin nan kamar ba ta da ranar ɗaukewa. Mutum yana tsaka da karanta fuskar Shilpa Shetty, wato Shikha, wadda a nan ta yi wasan da ban taɓa zaton tana da shi ba, sai a katse shi a ce ga masu gita za su faɗa maka abin da take ji. Mun gani ai. Ba sai an fassara mana ba.

Labarin Shikha da Akash ma, ɗan wasan daɓen da ta haɗu da shi a hanya, bai kama ni ba. Shi ma aro ne, daga Brief Encounter na David Lean na 1945, matar aure da baƙo suna haɗuwa a kai a kai har zuciya ta fara karkata. Akash ba mutum ba ne kamar Monty, maganin kaɗaici ne aka ɗinka masa riga. Ba shi da wani hali da zai ba ka haushi, wanda kuwa ba ya ba ka haushi ko kaɗan da wuya ka yarda da shi.

Tsofaffin biyu kuma, Amol da Shivani, na so a ba su fili fiye da haka. Amol ɗin Dharmendra ne fa, na Sholay, wanda muka saba gani yana tarwatsa 'yan fashi. A nan ya dawo daga Amurka bayan shekara arba'in, da ciwo a jikinsa, yana neman matar da ya bari tun suna samari. Shi ne mai jiran ajali, sai ita ta riga shi. Ciwo ya kama ta, aka sa ta a motar asibiti, motar ta maƙale a cunkoso. Marubucinku yana neman bos, to ga shi nan: titi cike da motoci, kowane direba da uzurinsa, ba wanda ya yi niyyar kashe kowa.

In kuma lallai sai bos mai fuska, Ranjit ne, kuma Kay Kay Menon bai sa shi zare ido ko sau ɗaya don ya tsorata mu ba. Gajiyayyen mutum ne mai ganin duk abin da yake yi hakkinsa ne, tunda shi ke biyan kuɗin gida. Na san wasu za su ce fim ne mai koya lalata. Ba na yara ba ne, wannan gaskiya ne, ni ma sai da suka yi barci muka kunna. Amma wanda ya kalli Neha tana jiran alkawarin da ba ya cika, a ɗakin aro, da makullin aro, da mijin aro, har ya ji sha'awar abin, to da ciwonsa ya zo.

Na ce muka kunna, don karo na baya-bayan nan tare da maiɗakina na kalla. Ita ba ta cika son finafinan Indiya ba, takan ce kukansu ya fi labarinsu yawa. Ta zauna tana ninke kayan yara, tana kallo da wutsiyar ido. Ta yi dariyar Monty har ta ajiye abin da ke hannunta. Sai aka zo inda Shikha, wadda ba ta kai ga aikata komai ba, lamirinta ya dame ta ta faɗa wa mijinta cewa akwai wanda zuciyarta ta karkata gare shi. Ranjit, wanda ya daɗe yana cin amanarta da makullin yaronsa, ya hau ta da tuhuma, har ya tambaye ta ko 'yar da suka haifa tasa ce. Maiɗakina ta ce, "Kai! Tsayar da shi." Na tsayar. Ta daɗe tana kallon fuskarsa a daskare a allo. Ta ce, "Ka ga wannan? Ba fushi yake ba. Daɗi ya ji. Ya samu inda zai ajiye kayansa."

Sau huɗu na kalli fim ɗin kafin wannan daren, ban taɓa ganin haka ba.

Da aka kai ƙarshe, Neha ta bar Ranjit ta bi Rahul, Ranjit ya dawo gida don ba shi da wurin zuwa, Shikha ta buɗe masa ƙofa, ta je tasha ta sallami Akash ta koma. Ni na daɗe ina ganin Basu ya ji tsoro ne a nan, ya kasa barin matar aure ta fita. Na faɗa wa maiɗakina haka. Ta ce ba tsoro ba ne, haka ake yi. Ta ce in duba fuskar matar, ai ba a ce ta ji daɗi ba, an ce ta koma ne kawai, kuma mata nawa ne suka koma. Muka ɗan ja, ban ci nasara ba. Har yanzu ina ganin an bar Ranjit ya sha da sauƙi, ita kuma tana ganin da an hukunta shi da fim ɗin ya zama tatsuniya.

A cikin wannan gardamar ne bakina ya suɓuce na ba ta labarin mitin ɗin sha ɗayan dare. Shekara goma sha ɗaya muna tare ban taɓa faɗa mata ba, ba don na ɗauke shi sirri ba, sai don ban taɓa ɗaukarsa labari ba. Na faɗe shi ina 'yar dariya, ina jiran ta taya ni. Ba ta taya ni ba. Ta ɗauki rigar ƙaramin ta ninke, ta ɗora a kan sauran, ta danne da tafin hannu. Sannan ta ce, "Malam, sau nawa ta kira?"

Na ce ban ƙirga ba.

Ta ce, "Ita ta ƙirga."

Ta kwashi kayan ta shiga ciki. Na zauna ni kaɗai sunayen 'yan wasa suna hawa a allo, masu gitar nan suna ta fama, ina ƙoƙarin tuno ko sau bakwai ne ko tara, da kuma ko akwai daren da Hajiya ta kira ba ta tambayi Alhaji ba, ta ce dai in gaya mata gaskiya ko lafiya yake. Ina jin akwai. Ina jin na ce mata lafiya lau, yana mitin.

Ina roƙon marubucinku ya sake kallon na 2007, ko da rabinsa ne, ya bar neman wanda zai bi. Na gode da filin da ka ba ni.

Naka,
Wani tsohon ma'aikacin amsa waya